Rantsuwa a Bakin Tafkin Uwa

"Wallahi Saude, in dai ina numfashi, ba za ki shigo mana da Banasare cikin zuri'a ba."

Gwaggo Hajo ce take wannan magana, tana tsaye a bakin murhun banda, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana korar hayaƙi. Saude ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya kifi a kan wuta, idanunta jajur, kuma ba hayaƙin ne kaɗai ya sa suka yi ja ba.

"Da ke nake. Ko kin kurumce ne?"

"Ina ji, Gwaggo."

"Kina ji! Tun da kika fita takaba maza suke zarya a ƙofar gidan nan. Ga Shu'ibu, ɗan ƙanin Sarkin Ruwa guda, mai kwale-kwalensa, mai rumbunsa, kin mayar da shi abin dariya a gari. Ba ki ga kowa ba sai wanda goshinsa bai san ƙasa ba."

Duk Garin Yelwa, ƙauyen masunta a bakin kogin Hadejia, babu wanda bai san labarin Auta, Banasaren da ake magana, ba. Yana ƙaramin yaro mahara suka ɗauke shi, zamanin yaƙe-yaƙen da suka ci ƙasar nan, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ƙasar Nufe. A Lakwaja wasu masu bin Almasihu suka fanshe shi, suka raine shi. Sai ga shi wata rana ya dawo da gemunsa, da tsagar gidansu a kumatu. Iyayensa sun daɗe da rasuwa. Aka yi kuka, aka yi guɗa, aka nuna masa kangon ubansa.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Da aka kira salla kowa ya miƙe, shi bai miƙe ba.

Tun daga ranar aka ja baya da shi. Ana amsa gaisuwarsa da gefen baki, ba a cin tuwo da shi a akushi ɗaya. Cikin dukan matan garin kuwa, sai Saude 'yar Malam Gambo ce Allah ya jarrabta da sonsa. Ita zuciya ba ta neman shawarar gwaggo kafin ta yi abin da za ta yi.

"To yau dai Allah ya raba mu da iri," in ji Gwaggo Hajo, ta gyara ɗaurin zane. "Asirinsa ya tonu. Shu'ibu ya gan shi da idonsa yana fitowa daga Tafkin Uwa, jiƙe sharkaf, da homar kamun kifi a kafaɗa. Bayan la'asar za a zauna a kansa."

Kifin da ke hannun Saude ya suɓuce ya faɗa cikin toka.

Wanda ba masunci ba zai ce mene ne a ciki. Ai idan ruwan kogi ya janye bayan damina, yakan bar tafkuna cike da kifi a fadama. Sarkin Ruwa yakan kafa sanda mai ɗaurin kaba a bakin Tafkin Uwa, ya rufe shi, kifi ya yi ƙiba har ranar su, lokacin da duk gari za a shiga tare. Kafin ranar, ko liman ba ya sa ƙafa. Wanda aka kama ya yi satar shiga, a gaban jama'a ake sa taɓarya a fasa masa gora, wato ƙaton goran nan da masunci yake kifa ciki a kansa ya yi iyo yana zuba kamunsa a ciki. Daga ranar kuma ya rabu da ruwan garin har ya mutu.

Saude ta san Auta ya shiga tafkin. Ta kuma san abin da ya shigar da shi.

A safiyar da ake magana tana shara a bayan gida, gari bai gama wayewa ba, ta ga Auta ya tallabo mahaifinta ta wajen danga. Tsohon yana tari yana aman ruwa, goransa cike da tarwaɗa manya-manya irin waɗanda ba a samu a kogi a wannan lokaci. Ambaliya ce ta cinye musu gero a bana, rumbu ya zama wayam, Malam Gambo kuma ba mutum ne da zai iya buɗe baki ya roƙi maƙwabci ba. Sai ya saci jiki ya shiga tafkin. Ƙafarsa ta sarƙe a ciyawa, goran ya kuɓuce masa. Da Auta ba ya gindin wata tsamiya a bakin tafkin yana addu'arsa ta safe, da gawa za a tsamo.

Bayan ya ajiye tsohon, Auta ya koma ya ɗauko homar da ta rage tana yawo a kan ruwa, don kada a gane mai ita. A wannan komawar ce Shu'ibu ya hango shi.

Saude ce ta yi bandar kifin da hannunta. Gwaggo Hajo da ba ta san komai ba ta sha romon kan kifin har tana sa albarka.

Saude ta wanke hannu, ta nufi zaure.

Malam Gambo yana zaune a kan buzu yana murza igiya a cinya. Har yanzu tarin bai sake shi ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ka ji abin da ake shirin yi wa Auta?"

"Na ji."

"Baba, kai ma ka san..."

"Na san me?" Ya ɗago ya zuba mata ido. "Faɗi mana. Na san me?"

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya fara ɗiga a kan tabarma.

"Shi ya tsamo ka, Baba."

"Na aike shi? Na kira shi?" Ya rage murya don kada a ji a cikin gida. "Gara da ya bar ni na nutse. Ni Gambo, ni da na koya wa Sarkin Ruwa riƙon homa, a ce wanda ba ya salla ne yake riƙe da sirrina! Kullum na gan shi sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa."

"Bai faɗa wa kowa ba."

"Shi ya fi ciwo ai."

Ya yi tari mai tsawo, ya share baki da hannun riga.

"Ki saurara, Saude. Idan aka fasa gorana, me za ku ci? Ke, da gwaggonki, da marayun yayanki? Ko kina so a riƙa nuna ku a rafi ana cewa ga 'ya'yan ɓarawon tafki? Idan kika buɗe baki, ki sani ba ki da uba."

"To shi fa? Shi ba mutum ba ne?"

"Shi hanyarsa a buɗe take. Kin san al'ada. Wanda aka zarga, in mai shaida ɗaya ne, sai ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a gaban liman, ya rantse bai kama kifi ba. Shi ke nan, magana ta mutu. Kuma ai bai kama ba, ba ƙarya zai yi ba."

Saude ta ɗago da sauri.

"Kuma ki ji," tsohon ya ci gaba yana kallon igiyarsa. "Duk wanda ya yi alwala ya dafa Littafi a gaban jama'a, ai ya dawo gida ke nan. Idan ya yi haka yau, na ba shi ke. Ko Hajo ba za ta ce uffan ba. Idan ya ƙi, kada ki ƙara ambata mini sunansa."

Haba, sai Saude ta ji kamar an sauke mata dami daga ka. Rantsuwa ɗaya kawai! Ya wanke kansa, a rufa wa mahaifinta asiri, a ɗaura musu aure. Ta miƙe ko godiya ba ta tsaya yi ba, ta ja mayafi ta fita.

A bakin kogi ta same shi, a inuwar wata bishiyar giyayya, yana ɗinke wata 'yar tsaga a bakin goransa. Dogo ne siriri, mai magana a hankali, Hausarsa ta ɗan karkace saboda daɗewa a kudu. Da ya gan ta ya yi murmushi, murmushin nan da ya jawo mata duk wannan masifa.

"Kin yi gudu, Saude. Zauna ki huta."

"Ba zama ya kawo ni ba. Auta, Allah ya kawo mana mafita."

Ta kwashe duk yadda suka yi da mahaifinta ta faɗa masa, tana magana tana dariya tana share ido. Shi kuwa tun tana tsakiya murmushin ya bar fuskarsa. Da ta gama ya ajiye allurar.

"Ba zan rantse ba."

Ta yi tsammanin kunnenta ne.

"Ka ce me?"

"Ba zan iya ba, Saude."

"Ka kama kifin ne?"

"Ban kama ba."

"To me zai hana ka faɗi haka da hannunka a kan Littafi?"

"Zan faɗa da bakina, a gaban kowa. Amma ba na rantsuwa. Abin da Almasihu ya koya mana ke nan a Linjila, mutum ya tsaya a kan i ko a'a, maganarsa ta ishe shi. Tun da na karɓi wannan hanya ban rantse da komai ba, ko a kasuwa, ko da wasa."

"A Lakwaja ke nan! Nan Garin Yelwa ne. Wa zai yarda da a'arka a nan? Mutanen da ko ruwa ba sa sha a ƙoƙonka?"

"Ko ba su yarda ba, ita ce gaskiya."

Saude ta zube a kan yashi a gabansa. Kunya ta riga ta fita daga idonta.

"Auta, dube ni. Saboda kai na zama abin zunɗe a garin nan. Mata suna yin shiru idan na iso rijiya. Gwaggo ta zage ni tas, ta zagi uwata da ke kabari. Ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙonka abu ɗaya, ka wanke hannu da fuska, ka faɗi gaskiyar da ka riga ka sani. Me zai ragu a jikinka?"

"Ba wanke hannu kawai ba ne, kin sani. Babanki ma ya faɗa miki. Duk wanda ya gan ni zai ce na dawo salla."

"To su ce mana! Abin da ke zuciyarka wa zai gani?"

"Ni zan gani. Ke ma za ki gani, kullum." Ya sassauta murya. "Saude, ban raina Littafinku ba. Uwata da shi ta rayu, da shi ta mutu. Don ban raina shi ba ne ba zan ɗora hannu a kansa da zuciya biyu ba. In yaudari liman, in yaudari gari, in yaudari Ubangijina, sannan in kai ki ɗaki a kan wannan? Wane irin miji kika samu ke nan?"

"Miji dai! Wanda yake nan, ba wanda aka kora ba."

Kuka ya ƙwace mata sosai. Ta kifa kai a gwiwa. Auta ya miƙa hannu kamar zai taɓa ta, ya janye. Shi ma idanunsa sun cika.

"Lokacin da aka ɗaure ni da igiya a wuya ana ja na zuwa Nufe," ya ce, "babu abin da ban rantse da shi ba. Na rantse zan kashe wanda ya kama ni, na rantse zan ƙone garinsu. Ƙiyayya ce abincina har na girma. Mutanen nan da suka fanshe ni ba igiyar wuya kaɗai suka kwance mini ba. Ba zan iya mayar da abin da suka ba ni kamar riga ba, in tuɓe yau don aure, in mayar gobe."

Ta ɗago fuska jiƙe.

"To ka faɗi sunansa. Ka ce Malam Gambo ne. Ni 'yarsa na yarda."

"A'a."

"Ya tsane ka, Auta! Yanzun nan ya ce gara da ka bar shi ya nutse."

"Na sani. An umarce mu mu yi alheri ga wanda ya ƙi mu. Ba a ce sai ya gode ba."

"Wannan wane irin addini ne da ba ya barin mutum ya ceci kansa?"

"Tsoho ne, Saude. Idan aka fasa goransa a gaban yaran da ya haifa, ba zai ga wata damina ba. Ni ina da ƙarfi, na saba da baƙunta. Kuma mahaifinki ne. An ce mu girmama iyaye, ku ma haka aka ce muku. Kada ki tona shi saboda ni. Ki yi mini wannan alkawari."

Ta miƙe tsaye, ta kakkaɓe yashi a fusace.

"Ba zan yi ba. Kai ba ka yi mini nawa ba, ni zan yi maka naka? Ashe duk son da kake faɗa, na baki ne. Ka fi son a ce Auta mai gaskiya ne, da a ce Auta mijin Saude ne."

Maganar ta soke shi, ta ga haka a fuskarsa, kuma a lokacin ta ji daɗin ganin hakan.

"A'a, amarya da ango ne ake sallama?"

Shu'ibu ne a cikin kwale-kwalensa, ya tokare sanda a ƙasa ya tsaya daf da gaɓa. Kakkaura ne, mai son a ji muryarsa tun daga tsallake.

"Banasare, ɗinkin me kake yi wa goran? Ai da ka huta. Taɓarya ba ruwanta da ɗinki." Ya juya ga Saude yana washe baki. "Ke kuma ki adana hawayenki. Ranar da za a kai ki gidana za ki buƙace su."

"Allah ya kiyaye hanya, Shu'ibu," in ji Auta.

Shu'ibu ya tofa yawu a ruwa, ya tura jirginsa. Saude ta bi ta cikin gonakin shinkafa ta koma gida, ba ta waiwaya ba.

Bayan la'asar gari ya taru a bakin Tafkin Uwa, kusa da sandar kaba. Maza a gaba, mata daga baya a tsaitsaye. Sarkin Ruwa yana zaune a kan kututture, bulama mai garin a damansa, liman a hagu da Alƙur'ani a cikin gafaka da buta a gabansa. An ajiye goran Auta a tsakiyar fili, taɓarya a kwance kusa da shi. Malam Gambo yana cikin dattawa, ya lulluɓe da bargo, carbi a hannu.

Shu'ibu ya faɗi nasa, ya ƙara gishiri yadda ya ga dama. Ana ta "Subhanallahi" ana girgiza kai.

Sarkin Ruwa ya dubi Auta.

"Ka ji abin da aka ce. Ka shiga tafkin nan?"

"Na shiga, ranka ya daɗe."

Wuri ya kaure da surutu. Bulama ya ɗaga hannu.

"Ka kama kifi?"

"Ban kama ba."

"To wanka ka je yi da homa?" Shu'ibu ya jefa, aka fashe da dariya.

"Me ya shigar da kai?" in ji Sarkin Ruwa.

"Wani abu ne da ba zan iya faɗa ba, ranka ya daɗe. Amma ba sata ba ce."

Sarkin Ruwa ya yi tsaki. Mutum ne mai zafi, amma ba azzalumi ba, kuma ya san mahaifin Auta.

"Don darajar ubanka zan bi da kai ta hanyar da ake bi da kowa. Ga buta, ga Littafi. Ka rantse ba ka kama ba, ka ɗauki goranka ka tafi."

Saude ta damƙe bakin mayafinta. A ranta tana ta roƙo, Allah ka karya masa wannan taurin kai, Allah ka sa ya miƙa hannu.

Auta ya dubi butar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga ido ya nemi Saude a cikin mata har ya same ta.

"Ka gafarce ni, ranka ya daɗe. Ba na rantsuwa. Na ce ban kama ba, kuma ban kama ba."

"Kun ji ko!" Gwaggo Hajo ta rangaɗa daga baya. "Tsoro yake kada Littafi ya ci shi!"

"Ɓarawo!"

"A fasa!"

Wani ya jefo ɓawon kifi ya same shi a kafaɗa. Liman ya yi gyaran murya ya ce ba a tilasta wa mutum dafa Littafi, amma hayaniya ta danne maganarsa. Shu'ibu ya riga ya sunkuya zai ɗauki taɓarya.

"Ku dakata!"

Saude ba ta san lokacin da ta ratsa maza ta fito fili ba. Gwaggo Hajo ta kai hannu za ta fizgo ta, sai mayafi ya rage a hannunta.

"Ni zan rantse. A ba ni butar. Auta bai kama kifi a tafkin nan ba, ni shaida ce."

Kowa ya zuba mata ido. Sarkin Ruwa ya karkata kai yana dubanta.

"'Yar Gambo, kin san abin da kike faɗa? An ga jinin kifi a bakin ruwa, an kama kifi a nan babu shakka. Idan kin san ba shi ba ne, to kin san ko wane ne. Ba za ki dafa Littafi da rabin magana ba. Wane ne?"

Nan Saude ta gane ramin da ta jefa kanta. Ta juya. Mahaifinta bai ɗago ba, amma carbin ya tsaya cak a hannunsa. Ta ga furfurarsa, ta ga ƙasusuwan wuyansa da yunwar bana ta fito da su. Ta juya ta ga Auta yana girgiza mata kai a hankali.

"Muna jin ki," in ji Sarkin Ruwa.

Ta buɗe baki. Leɓunanta suka haɗu za su fitar da sunan.

Sai aka ji ƙara, fau!

Auta ne ya fizge taɓaryar daga hannun Shu'ibu ya sauke ta a kan goransa. Ya ƙara, ya ƙara, har goran ya tarwatse, ɓaraguzansa suka watsu a ƙafafun dattawa. Ya ajiye taɓaryar a hankali, yana haki.

"Ranka ya daɗe, ban kama kifi ba, kuma ba zan canja maganata ba. Amma na shiga ruwan da ka rufe, wannan kaɗai ya isa. Ga hukuncin, an yi. Al'ada ta ce idan gora ya fashe magana ta ƙare, ba a ƙara tambayar kowa. Ko ba haka ba ne?"

Sarkin Ruwa ya daɗe yana kallonsa. Da alama ya so ya ce wani abu dabam, amma al'ada ta fi ƙarfinsa.

"Haka ne. Magana ta ƙare. Daga yau ba ka da ruwa a Garin Yelwa."

"Ba shi da wurin kwana ma," in ji bulama. "Kada rana ta faɗi yana ƙasata."

Aka yi sowa. Auta ya durƙusa ya gai da dattawa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya amsa. Da ya zo kan Malam Gambo ya ƙara sunkuyawa.

"Baba, Allah ya ƙara sauƙi. A riƙa shan ruwan zafi saboda tarin."

Tsohon ya kau da kai.

Auta ya zo wucewa ta gaban Saude, ya rage tafiya, bai tsaya ba.

"Ki yafe mini. Son da nake miki ba na baki ba ne."

Ya bi ta cikin jama'a, ana buɗa masa hanya kamar mai kuturta, yara suna binsa da ihu. Saude tana tsaye ba mayafi a tsakiyar fili. Ta so ta yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Baƙin ciki ne ya cika ta, da wata irin ƙiyayya da ba ta taɓa sanin tana da ita ba.

Mutane suka fara watsewa ana mayar da zance. Shu'ibu ya matso wajen Malam Gambo yana gyara hula.

"Baba, tun da an kawar da ƙaya, yaushe zan turo magabatana?"

Saude ta riga tsohon amsawa.

"Ka tura su inda ake ba da mace kamar akuya. Ni bazawara ce, sai na ce i. Kai kuwa ko maza sun ƙare ba za ka ji ta daga bakina ba."

Shu'ibu ya saki baki. Ba ta ƙara kallonsa ba. Ta je gaban mahaifinta ta durƙusa har ƙasa, yadda 'ya mai ladabi take yi, duk wanda ya gani zai ce gafara take nema. Ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Ka kwantar da hankalinka, Baba. Ba zan faɗa ba, shi ya roƙe ni. Ranar su za ka shiga tafki da goranka lafiya lau, a yi maka kirari. Ba zan yi aure ba, ba zan je ko'ina ba. Ni zan riƙa kawo maka tuwo safe da yamma, in zauna a gabanka har ka cinye."

Carbin ya faɗi daga hannun Malam Gambo. Bai ɗauka ba. Ya yi ta kallon wani ɓallin gora da ya faɗo daf da yatsun ƙafarsa. Can ya laluba sandarsa, ya yunƙura zai tashi, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya damƙe hannun 'yarsa da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba.

"Saude... ta wace hanya ya bi?"

Ta juya za ta nuna masa. Babu kowa a kan hanyar.